A Tambayi Kowa a Moonah

Shekara ashirin da shida Noreen Triffitt ta yi a gidan haya guda a unguwar Moonah da ke birnin Hobart, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa sa hannu a wata takarda ba. Ranar da za su shiga, tsoho Gangell mai gidan ya dubi mijinta Des sama da ƙasa ya ce, "Wane Triffitt ɗin? Na New Norfolk?" Des ya faɗi sunan ubansa. Tsohon ya ce ai sun yi tsinkar tuffa tare a gona ɗaya, suka yi musabaha, ya miƙa makulli. Haka Hobart ɗinmu take a lokacin, kafin ka gama faɗin sunanka an gano kakarka.

A watan Mayu tsoho Gangell ya mutu. 'Ya'yansa suka zo da ladabinsu, har da furanni, suka ce za su gyara gidan su riƙa saukar da 'yan yawon buɗe ido. Suka ba ta zuwa ƙarshen Agusta.

Ba gidan ne ya tsaya mata a rai ba, don ɗakin wankansa ya daɗe yana yoyo. Des ne. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, hankalinsa kuma ya bi baya, aka kwantar da shi a gidan kula da tsofaffi a Glenorchy, tafiyar minti goma a bas. Kullum sha ɗaya da rabi tana can da cokali a hannu. Abin da yake gani kullum shi kaɗai ƙwaƙwalwarsa take riƙewa. Bara mura ta kayar da Noreen kwana shida, da ta koma sai ya gyara zama ya ce, "Madam, don Allah ko za ki kira mini matata?" Sai da aka yi kwana uku kafin ya sake kiran sunanta. Tun daga ranar ta san duk inda za ta zauna, dole ya zama inda za ta iya zuwa gobe.

Noreen ba ta cikin tsofaffin da suke zama a kulob suna tsine wa baƙi. Ta san abin da girman garin ya kawo. Bas yanzu ba ya sa mutum daskarewa a tasha. Yaran unguwa sun daina gudu Melbourne da zarar sun gama makaranta, akwai aiki a gida. Babban titin da ya kusa zama kufai ya cika da shaguna da ƙamshin girki iri-iri. Uwa uba, girman garin ne ya kawo Pabitra Gurung daga Nepal, yarinyar da take yi wa Des aski ba tare da ta yanke shi ba, take share masa baki ba ta yatsina fuska, take kiran Noreen Mama. Da ita da mijinta da 'yarsu ɗaki ɗaya suke a wani gida na mutum tara can bayan gari, bas biyu take hawa kafin ta iso aiki.

Wata rana suna gyara wa Des shimfiɗa, Pabitra ta ce, "Mama, mu ma gida muke nema. A fom ɗin suna son sunan wanda ya san mutum. Zan iya sa naki?"

"Har sai kin tambaya, 'yar nan? Sa mana. Su kira ni in gaya musu."

Noreen ta ji daɗin tambayar. A gidansu ba a ɗauki tsaya wa mutum abin wasa ba. Ubanta ya sama wa rabin samarin layinsu aiki a masana'anta da baki kawai, kuma bai taɓa yabon mutum rabi da rabi ba.

Ita kuwa nata neman, kowace Asabar take fita. A buɗe gida minti goma sha biyar, mutum arba'in su yi layi a cikin iskar nan da take gangarowa daga dutse, kowa ya sunkuyar da kai a waya, ba mai gaishe da wani. Ga ma'aikatan jinya, ga ɗalibai, ga 'yan Sydney da suka gudo daga tsadar garinsu suka kawo mana ita a cikin akwati. Gida goma sha ɗaya ta duba. Wata a laburare ta nuna mata yadda ake cika fom a kwamfuta, ta koya da yatsa ɗaya. Inda aka ce yarjejeniyar hayar da ta gabata, ta rubuta babu. Inda aka ce sunan masu shaida da lambar wayarsu, ta yi murmushi ta rubuta abin da ta san ya fi kowane suna ƙarfi: A tambayi kowa a Moonah. Ba wanda ya taɓa kiranta, ita kuma ta ɗauka yawan mutane ne.

Na goma sha biyun shi ne ya shiga ranta. Ɗan ƙaramin gidan bulo mai ɗaki biyu, tafiyar minti bakwai a ƙafa zuwa wurin Des, ba ma sai ta hau bas ba. Kuma ta san shi, gidan marigayiya Misis Bester ne, ta sha shayi a kicin ɗinsa ba adadi. Ta sa rigarta ta zuwa coci, ta ɗauki kwalbar jam, zaƙin 'ya'yan itace na shafa wa burodi, da ta dafa da hannunta. Ta jira har mutane suka ragu, sannan ta matsa kusa da dillaliyar, wata yarinya doguwa mai suna Tahlia, wadda sanyi ya sa hancinta ya yi ja.

"'Yar wane gida ce ke?"

"Daga Brisbane nake, Madam. Watana takwas a nan."

"To. Ki gaya wa Graeme Bester, Noreen ce matar Des Triffitt. Ni na riƙe masa uwa lokacin da ta karye a ƙugu."

Tahlia ta duba wayarta. "Ba na jin akwai Bester a nan. An sayar da gidan tun bara. Mai shi yana Sydney, a hoto kawai ya taɓa ganinsa."

"A hoto? Mutum ya sayi gida a hoto kamar takalmi?"

Yarinyar ta yi 'yar dariya, ba ta raini ba. Da Noreen ta miƙa kwalbar sai ta ja hannu baya ta ce ba a yarda su karɓi komai ba. Noreen ta mayar da ita jaka, kunya ta rufe ta a gaban mutanen da ko kallonta ba sa yi.

Da yamma yayarta Coral ta kira daga Smithton, can ƙuryar arewa, inda in za ka zo Hobart a bas sai ka ba da yini guda.

"An samu, ko har yanzu kina yawon nuna wa yara rigar coci?"

"Wannan karon na gani da idona, Yaya. Nawa ne."

"Haka kika ce a na bakwai. Ki tattaro ki taho, ɗakin ɗinkina yana nan, zan kwashe keken."

"Des fa?"

"Na tambayar masa gado a gidan tsofaffin nan garin, sun ce layi ne, sai wani ya mutu. Kuma Des ɗin da bai san Litinin daga Talata ba?"

"Ya san ni."

Coral ta ce, "To, ɗakin dai yana nan, mai taurin kai."

Ranar Talata da safe tana naɗe kofuna a cikin tsohuwar jarida waya ta yi ƙara. Da ta ji muryar Tahlia sai ta zauna a kan kwali. Yarinyar ta ambaci gidan, lamba da layi, Noreen har ta buɗe baki za ta yi godiya.

"Wata mai suna Pabitra Gurung ce ta nema, mijinta ya zo dubawa ranar Asabar. Ta sa sunanki a masu shaida. Kina da minti biyu?"

Noreen ta ce tana da shi. Muryar kamar ba tata ba.

Tun yaushe ta san ta? Shekara biyu. Tana da tsafta? Tana da rigima? Noreen tana amsawa, zuciyarta tana wani lissafin daban, kuma ba lissafin kirki ba ne. Ba sai ta yi ƙarya ba. Abin da za ta yi kawai shi ne ta ɗan ja numfashi, ta ce to, ita dai a wurin aiki ta san ta, magana ta ƙare. Ta ma san abin da ya fi haka. Pabitra da bakinta ta gaya mata surukarta za ta zo a watan Disamba ta yi wata shida, kuma ko shakka babu ba a rubuta wannan a fom ba.

"Kin san ko su nawa ne za su zauna a gidan?" in ji Tahlia.

Ga shi nan an miƙo mata har hannu. Ta so ta faɗa, kada wani ya ce ba ta so ba. A wannan daƙiƙar ta tsani Pabitra, ta tsani ƙuruciyarta da takardar albashinta da fom ɗinta cikakke. Sai dai an ce mata shaida, ita kuma iri ɗaya ta iya.

"Su uku ne, ita da mijinta da 'yarsu. Ki saurara, yarinya, ki rubuta da kyau. Shekara biyu ina kallon yarinyar nan tana wanke mijina a ranakun da ni kaina nake kau da kai. Ba ta taɓa makara ba, da bas biyu. In ta shiga gidan nan, za ta bar shi ya fi yadda ta same shi. In da gida nake da shi, da makulli zan ba ta ba takarda."

"Kai, madalla. Ba kasafai nake jin irin wannan ba."

"Nawa fa? Ni ma na nema. Noreen Triffitt. Mai jam."

Noreen ta ji ƙarar maɓallan kwamfuta. "Ayya, Madam. Ban haɗa sunan ba. Naki bai wuce ba. In gurbin masu shaida ba lambar waya, ba ya zuwa gaban mai gida. Kuma an rufe jiya."

"Ai na rubuta."

"Na gani. Amma wa zan kira?"

Noreen ta buɗe baki za ta lissafo. Gangell yana ƙasa. Mahaucin da ke kwanar layi ya rufe, ana sayar da kofi a shagonsa. Su Lovell na gefenta sun sayar sun koma bakin teku. Gidan da ke kallon nata akwatin makulli ne a jikin ƙofa don 'yan yawon buɗe ido, fuskoki suna sauyawa duk kwana uku. Ta bi layin gida gida a cikin kanta har ƙarshensa, ba ta sami mai ɗaga waya ya ce ya san ta ba. Sai a lokacin ta gane duk goma sha ɗayan can ma ba wanda ya taɓa karantawa.

"Bar shi," ta ce, ta ajiye wayar.

Ta cika wasu fom huɗu bayan nan, da lambar Coral da ta limamin cocinsu. Biyu suka amsa da ba haƙuri, biyu ko amsa. Agusta kuwa ba ta jira kowa ba.

Ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Coral ta tsaya da mota a ƙofar gidan tsofaffin, kaya har saman kujerar baya, ta ce a yi sauri don ba ta son tuƙin duhu. Noreen ta shiga da cokalinta. Tun daga baranda Pabitra ta taho da gudu ta rungume ta.

"Mama! Mun samu! Jiya aka ba mu makulli. Minti bakwai a ƙafa, kin ji? Yanzu zan karɓi aikin safe, kullum ina nan. Dillaliyar ta ce mu masu nema uku muka yi kunnen doki, maganarki ce ta raba gardama. Ta ce mai gidan ya ce shaidar 'yar gari ta fi masa komai."

"Haka ya ce?"

"Wallahi. Ke fa, Mama, an dace?"

"An dace. Wurin yayata."

"A nan kusa?"

"Da ɗan tafiya," in ji Noreen. "Samo mini takarda da biro, 'yar nan."

Ta zauna a gefen gadon ta rubuta. A huce masa dankali kafin a ba shi. A ba shi ta ɓangaren dama. In ya rufe baki kada a matsa, a yi masa zancen kamun kifi, zai buɗe. Pabitra ta karɓa tana karantawa, murmushinta yana raguwa layi bayan layi, har ta ɗago ta dubi jakar tafiyar da ke ƙasan kujera. Noreen ta girgiza mata kai, ta nuna Des da ido.

Ya ci sosai ranar, har ya nemi ƙari. Ta goge masa haɓa, ta gyara masa wuyan riga, ta daɗe tana gyara abin da ya riga ya gyaru. A waje Coral ta danna ham ɗin mota sau ɗaya. Bas na farko da za ta iya biyowa daga Smithton sai nan da mako uku, kuma ta san abin da kwana shida ya yi.

Ta miƙe. Des ya kama yatsunta da hannunsa mai lafiya, ya dube ta tar, idonsa garau kamar na da.

"Sai gobe, Noreen."

"Sai gobe, tsoho," ta ce.