Adakar Na Allah

Shekarar da soja suka karɓi mulki, ruwan sama ya riga ya yi damina biyu yana yi wa ƙasar Mayahi rowa. A wani ɗan gari kusa da Attantane, rumbuna sun zama wayam, har ɓeraye sun gaji da leƙe sun yi ƙaura. Cikin wannan hali ne, wata safiya ta bazara, matan da suka je tsinkar anza, 'ya'yan itacen da ake ci lokacin yunwa, suka dawo da labarin sun ga gwanki a busasshen tafkin bayan gari.

Na Allah bai yarda ba sai da ya je da ƙafarsa. Shi ne maharbin garin, ko a ce shi ne abin da ya rage na maharba, tsoho mai taurin kai wanda bai cika son magana biyu ba. Ya tsuguna ya ɗora hannunsa na hagu, mai yatsu uku, a kan sawun. Gwanki ne kuwa, namiji, babba, yana jan ƙafar baya. Ƙishirwa ce ta rabo shi da dajinsa, don an fi shekara ashirin rabon da a ga irinsa a nan.

Kowane magidanci a garin yana da wuƙa, amma ba mai kusantar gwanki. Tun kakanni sun riƙe cewa wanda ya zubar da jininsa bai gaji harbi ba, bai kuma sha maganin daji ba, to abin zai faɗa kan 'ya'yansa. Ko gaskiya ne ko ƙarya, ba a taɓa samun wanda ya gwada da ɗansa ba. Saboda haka ido ya koma kan Na Allah. Shi kuma ba shi da bindiga. Tasa ta ƙarshe ya saye ta ne cikin gaggawa, bai tsaya an gwada ba, harbi na biyu ta fashe ta tafi masa da yatsu biyu. Tun ranar ya koma noma, noman ma ga yadda ya ƙare.

Ya sami matarsa Zara'u tana wanke anza a ruwa na huɗu don ɗacin ya fita. Jikoki uku da ɗansu ya bar musu ya tafi ci-rani Katsina suna zaune suna kallon tukunya.

"Jakin nan zan kai Mayahi," in ji shi. "In ba Laminu maƙeri, shi ba ni bindiga."

Ta ɗago kai. "Wa za shi ja muna guga? Rijiyar nan gaba talatin ce, Malam."

"Naman gwanki in anka shanya shi, ya kai mu har shuka. Mu da yaran ga, har maƙwabta su samu."

"In anka same shi."

"Yini guda ne. In tahi da asuba, in kwana gida."

Ba ta ce je ka ba, ba ta ce kada ka je ba. Ta ci gaba da wankin anzarta, shi kuma ya ɗauki shirun nan a matsayin izini, kamar yadda maza suka saba.

Maƙerar Laminu tana bayan kasuwar Mayahi. A gaba fartanya da hauya yake ƙerawa, bindigogi kuwa suna cikin ɗaki, ƙarƙashin tabarma. Da Na Allah ya iso, Laminu ya zagaya jakin, ya duba haƙora, ya ga ƙashin haƙarƙari a waje, ya yi tsaki kamar an cuce shi, sannan ya ja baƙonsa ciki ya shimfiɗa masa guda uku.

Ta farko ta Turawa ce mai baki biyu, wani tsohon soja ya bar ta a sayar. Na Allah ya ɗaga ta, ya kai ta kafaɗa, ta zauna kamar don shi aka yi ta. Zuciyarsa ta so ta ƙwarai. Amma wannan raƙumi take ci, ba jaki ba, ga ta ba ta aiki sai da kartushi, harsashin Turawa, kartushi kuma sai da takardar hukuma. Ya ajiye ta a hankali.

Sauran biyun adaka ne, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ɗaya ta sha ado, an naɗe ta da jar waya, gindinta yana sheƙi.

"Ɗauki wannan," in ji Laminu. "Har tiya biyu ta gero in ɗora maka."

Tiya biyu ta gero a shekarar nan ba abin wasa ba ce, kuma Na Allah ya ji maganar har cikin cikinsa. Ya juya bindigar wajen haske, ya leƙa bakinta, ya zura ɗan yatsa. Can ciki ya ji layin ɗinki ya miƙe daga sama har ƙasa.

"Bututun famfo ne," ya ce. "Irinta ta ci mini yatsu."

Ta ukun mummuna ce, baƙa, mai nauyi, ba ado ko ɗaya. Amma bututunta daga abin tuƙin wata matacciyar mota aka ciro shi, ƙarfe guda ne ba ɗinki. Ya ƙwanƙwasa shi da zobensa, ya saurari amon. Ya ja kunamar ya sake, ya ja ya sake.

"Wannan, kai da kai da jakin. Ka ƙara mini albarushi na ɗuri huɗu. Mu tahi a gwada."

Gwajin maƙera sananne ne. A ɗura wa sabuwar bindiga albarushi ninki biyu, a ɗaure ta a jikin itace, a ɗaura doguwar igiya a kunama, a koma bayan tudu a ja. In ta ɗauka, ta zama bindiga. In ta fashe, itace ya ji.

Laminu ya girgiza kai. "Ba yau ba. Ba ka ga kamyon nan, babbar motar soja, ƙofar ofishi ba? Jar dawa suke rabo, kuma sun hana harbi. In sunka ji ƙara, ni da kai gidan kaso za mu kwana. Gobe da sahe suna tashi." Sannan ya ƙara: "Ko ka tahi da ita haka nan. Aikina ne, na yarda da shi."

Na Allah ya dubi bindigar, ya dubi hannunsa na hagu. Ya tuna da gwanki yana jan ƙafa, ya ce a ransa abin da ke jan ƙafa ai ba ya nisa. Ya zauna.

Soja ba su tashi da safe ba. Wanda ya taɓa jiran hukuma ya san safiyarta tana iya kaiwa la'asar. Tsohon ya yini a inuwar maƙera yana kallon jakinsa, wanda ya zama na wani, yana ɗibar wa matar Laminu ruwa. Ya gaji da zama, ya gaji da tunani, ya gaji da ƙarar guduma. Sai da rana ta yi ja kamyon ya kama hanyar Tasawa. Suka fita bayan gari suka ɗaure bindigar a jikin gawo. Laminu ya ja igiya, ƙasa ta amsa, hayaƙi ya tashi. Da ya washe, ga adaka nan lafiya lau, ko tsaga babu. Na Allah ya shafa bututun da ɗuminsa, ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji ba. Bai yi kuskuren zaɓi ba.

Da asubar kwana na uku ya naɗe ta cikin tabarma ya kamo hanya a ƙasa. Rairayin da jaki ke shanyewa cikin sauƙi ya riƙa kama masa ƙafa. Wajen hantsi ya hango garinsu, ya kuma hango ungulaye suna kewaya sama da tafki.

Mutane suna tsaye nesa-nesa. Gwankin yana kwance a kan haƙarƙarinsa, ƙahonsa ɗaya ya nutse cikin busasshen laka. Liman Abdussalamu ne ya tare shi.

"Jiya da hantsi ya durƙusa nan, ya kasa tashi. Yini guda yana numfashi yana kallonmu. Na ce musu a yanka, halal ne. Kowa ya dubi ɗan'uwansa. Sunka ce a jira ka, ai kana hanya. Yau bayan sallar asuba ya cika. Ya zama mushe, Na Allah, ba mai cin shi."

"Kai fa, Liman? Ba ka da wuƙa?"

Liman ya sunkuyar da kai. "Ni ma ina da ɗiya."

Na Allah bai ga laifin kowa ba. Shi da bakinsa ya shekara arba'in yana gaya musu kada wanda ya taɓa gwanki. Ya tsaya ya daɗe yana duban naman da zai kai gidansa shuka, har ƙudaje suka fara sauka a kan tabarmar da ke kafaɗarsa. Baƙin ciki ya cika shi, amma gajiya ta fi baƙin cikin yawa.

A bakin rijiya ya sami Zara'u. Ta rataya igiyar guga a kafaɗa, tana bin doguwar hanyar da jaki ya tattake da kofatonsa, tana tafiya tana tsayawa. Da ta gan shi sai ta tsaya, ta dubi tabarmar.

"Mai kyau ce?"

"Mai kyau ce," ya ce.

Ya jingina adakar a jikin kututture, ya zare igiyar daga kafaɗarta, inda ta riga ta saɓule fata. Ya ɗora a tasa, ya riƙe da yatsu uku, ya sunkuya ya fara ja.