Katin Ilu Taɓarya

Choji ne ya kawo mana wannan fitina a cikin kwali. Mutumin Jos ne, ya yi karatu a Amurka kafin gwamnatin jiharsu ta turo shi Landan, a shekarun nan da kuɗin fetur ya mai da kowane ma'aikaci ɗan kwas. Abin da ya tsinto a can shi ne besbol, wani wasan Amurkawa na ƙwallo da kulki. Ba ma na fili ba, na tebur. Katuna ne, kowanne ɗauke da sunan wani gwani, rayayye ko matacce, da lambobin bajintarsa. Kowa zai zaɓi gwanayensa ya haɗa ƙungiya, a jefa ɗan ludo, kati ya faɗi wanda ya ci. Ta haka wanda ya daɗe a kabari zai kara da yaron da ke tashe bana.

Zailani, Basakkwace abokin mijina, ya jujjuya katunan ya taɓe baki. "Ina ruwanmu da matattun Amurka? Mu ma muna da namu. A yi mana na dambe."

Ina kicin na ji, sai da ludayin hannuna ya faɗi cikin miya.

Bari in faɗa muku dalili. Sunana Dela, 'yar mahauta ce ni, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Ubana shi ne Ilu Taɓarya, ɗan damben ɓangaren Kudu, wanda makaɗa ke cewa ba ya barin a kai turmi na biyu, wato zagaye na biyu. Mijina Maharazu kuwa ɗan Haladu Kibiya ne, na ɓangaren Arewa. Wata shekara da kaka, a wani gari can yamma da Gusau, Taɓarya ya naushi Kibiya a ƙasan kunne. Kibiya ya faɗi, bai sake tashi ba. A wannan yammacin ubana ya kwance zaren damben da ke hannunsa, bai ƙara ɗaura shi ba har yau.

A Zariya muka haɗu da Maharazu, so ya riga ya yi mana nisa kafin kowa ya tambayi sunan uban wani. Da ya san ko 'yar wa ce ni, sai da ya ɓace mini wata guda. Ya dawo a rame ya ce, "Ke nake so, zan kuma aure ki. Amma kada a ambaci sunan mutumin nan a gidana." Na amince, don ina sonsa. Kawunsa ya tura aka ɗaura aure. Bai taɓa durƙusawa gaban ubana ba, bai taɓa aika masa gaisuwa ba, kuma a Landan ba wanda ya san 'ya'yan su wa muke.

Duk lokacin da aka sami mai tafiya Kano ina yi wa gida kaset. In gaishe su, 'yarmu Karimatu ta yi musu gwaranci, sannan in bar wuri a ƙarshe ban ce komai ba. Inna ta gaya mini a nata kaset ɗin cewa Baba ba ya yarda a kashe rikoda sai zaren kaset ɗin ya ƙare ƙat. Zai karkata kunne yana sauraron shuuu ɗin nan, wai ko yaron, wato mijina, ya yi magana daga baya. A na ƙarshe ta ce ciwon ƙirjinsa ya tsananta, ko masallaci ba ya iya fita. Ga wani Labaran zai tashi ranar Litinin, kaset ɗina na kan firji, da guntun wurinsa na banza kamar kullum. Abin da nake roƙon Allah ke nan, kalma ɗaya daga bakin Maharazu kafin tsohon ya tafi.

To cikin wannan hali aka ce za a yi dambe a teburina.

Na zaci Maharazu zai ƙi. Amma ƙin yana bukatar bayani, shi kuwa da ya yi bayani gara ya haɗiye garwashi. Ya ce to, ya ci gaba da shan shayinsa.

Lahadi biyu suka yi suna haɗa katuna. Zailani ke zuba sunaye daga waƙoƙin makaɗa da hirar mahauta, Choji na rubutawa. Da aka zo kan wani tsohon ɗan dambe, Zailani ya ce, "Wannan ya yi kisa ya fi arba'in."

Choji ya ajiye biro. "Arba'in? Kuma ba a rataye shi ba?"

Zailani ya yi dariya har da hawaye. Ya ce ai a dambe in ka kai mutum ƙasa, ko da gwiwarsa ce ta taɓa, to ka kashe shi, sai ya tashi ya kaɗe wandonsa. Kalmar ta yi wa Choji daɗi ƙwarai. Ko kofi ya faɗi sai ya ce an yi kisa. Ya kuma tambaya ko zai iya gwada mutanensa biyu da juna don ya ga wanda ya fi. Nan Zailani ya ɗaure fuska.

"A'a. Wannan ba Amurka ba ce. 'Yan ɓangare ɗaya ba sa karawa, ko da wasa. Wanda kuke ɓangare ɗaya ɗan'uwanka ne. Rubuta wannan a dokarka."

Lahadi ta uku ce ranar zaɓe. Ana yayyafin nan na unguwarmu ta Whitechapel da ba ya jiƙa ka ba ya kuma barin ka, hitar ɗumama ɗaki na ta warin kananzir. Suka ci tuwon shinkafa, suka share tebur, Choji ya baza katunan. Zailani ya ɗauki Kudu, Maharazu Arewa, Choji aka ba shi Jamus, ɓangare na uku a dambe, ya ce ai shi dama baƙo ne. Aka jefa ɗan ludo, zaɓen farko ya faɗa wa Zailani.

Ko dubawa bai yi ba. Ya ɗaga kati sama ya wage murya. "Ilu Taɓarya! Taɓarya mai fasa turmi! Na gama da ku, ku tattara ku shiga jirgin ƙasa ku tafi gida."

Karo na farko ke nan da wannan suna ya fito fili a gaban mijina tun aurenmu. Ranar da aka rubuta katin ya fita sayen madara, ni na san ba madara ce ta fitar da shi ba. Yau kuwa ba wurin gudu. Ina tsaye da faranti a bakin ƙofar kicin ina kallonsa. Bai dube ni ba. Ya miƙa hannu ya ja kati ɗaya daga can gefe.

"Haladu Kibiya," ya ce a hankali.

"Haba Maharazu!" in ji Zailani. "Ga manyan maza zube, ka ɗauki Kibiya a farko? Gwani ne, ban musa ba, amma ai ko a zaɓe na biyar za ka same shi."

"Shi na ɗauka."

Aka ci gaba da zaɓe. Daga nan Maharazu ya yi ta kwasar zaratan, don ya san dambe fiye da yadda suke zato, har Zailani ya fara ƙorafin an yi masa wayo. Ni dai kofuna nake wankewa waɗanda na riga na wanke. Addu'ata ɗaya, kada katunan nan biyu su haɗu. Amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Choji ya ce a tsarin besbol ɗinsa, wasan buɗe fage tsakanin zaɓen farko ne da zaɓen farko. Ya jefa ɗan ludo don fitar da ɓangarori, Kudu da Arewa suka fito.

Zailani ya buga tebur. "Allahu akbar! Ga ta nan ta dawo. Kun san waɗannan biyun sun taɓa karawa? Taɓarya ya kashe Kibiya a turmin farko."

Choji ya zuba 'ya'yan ludo a kofi yana girgizawa, yana murmushin wanda ya iya darasinsa. "To mene ne? Ya kashe shi, ya tashi ya kaɗe wando ya je ya sha fura. Yau ma a sake kashe shi mu gani. In ya so a kashe shi sau uku!"

Wallahi ba da mugunta ya faɗa ba, Choji ko kiyashi ba ya takawa. Amma ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Karimatu na zaune a ƙasa tana wasa da murfin kwalin, ita kaɗai ce ba abin da ya dame ta.

"A'a, Choji," Zailani ya rage murya. "Wannan bai tashi ba. Kisan gaske ne." Da ya tsaya nan da an ji da sauƙi, amma bakin Zailani ba shi da birki. "Mutanen Arewa ma cewa suke ba hannu kaɗai ba ne. Wai Taɓarya ya cusa wani abu cikin zarensa, wasu su ce dalma, wasu su ce asiri. Shi ya sa ya gudu ya bar dambe, kada a bincika."

Ƙarya ce. Na san ƙarya ce kamar yadda na san sunana. Na girma ina ganin mutumin nan yana ɓoye hannun damansa cikin riga in baƙi sun zo. In na buɗe baki na karya alkawarin da aurena ke tsaye a kai, in na yi shiru an zagi ubana a kan teburina da tuwona a cikinsu. Na ajiye kofin da ke hannuna na tako cikin falo, ban san me zan ce ba.

Maharazu ya riga ni. Ya ɗora tafinsa a bakin kofin Choji, ƙarar 'ya'yan ludon ta tsaya.

"Ba komai a zaren," ya ce.

"Kai ma ji ka yi, kamar ni," in ji Zailani.

"Ina wurin. A gabana Sarkin Fawa ya sa aka warware shi har ƙarshe. Zare ne da tsumma." Ya dubi Zailani. "Kibiya ubana ne."

Choji ya saki kofin kamar ya ƙone shi. "Yi haƙuri, don Allah, ban sani ba. A yi cancel ɗin wasan gaba ɗaya, in ƙona katunan."

"Ba za a ƙona kowa ba." Maharazu na kallon katin da ke gaban Zailani. Ya daɗe yana kallonsa, ni kuwa ina kallon hannunsa, don na ɗauka yaga shi zai yi, kuma na san in ya yaga shi a gabana to wani abu ya yage tsakaninmu da ba zai ɗinku ba. "Choji, a besbol ɗinku ana musayar 'yan wasa?"

"Ana yi."

Ya zare katuna uku, manyan zaratansa, ya tura wa Zailani. "Ga waɗannan. Ba ni naka na farko."

Zailani ya ce, "Maharazu, ka huce tukuna. In ka ba da waɗannan ai ɓangarenka ya zama fanko. Kuma me za ka yi da wanda ya..."

"Ba ni Ilu Taɓarya."

Da bakinsa ya faɗa, cikakken suna. Zailani ya miƙa masa da hannu biyu. Maharazu ya karɓa ya ajiye shi kusa da katin ubansa, ya daidaita gefensu da ɗan yatsa har suka haɗu.

"Kai ka sa a rubuta dokar," ya ce wa Zailani. "'Yan ɓangare ɗaya ba sa karawa."

"Haka ne. Amma ɗan Kudu da ɗan Arewa, ta ina suka zama ɗaya?"

Maharazu ya nuna Karimatu da haɓa. "Jika ɗaya gare su."

Zailani ya dubi yarinyar, ya dube ni. Ya cire hularsa ya ce, "Uwargida, ki yafe mini." Ni kuwa kuka nake yi sosai, irin na yara, ban ma damu da baƙi ba.

Ba a buga wasa ba ranar. Suka sha shayin da ya huce suka yi sallama tun kafin magariba. Ina kwashe kofuna na ji Maharazu a bayana, ya sauko da rikoda daga kan firji yana jujjuya ta kamar bai taɓa ganin irinta ba.

"Kaset ɗin da Labaran zai tafi da shi," ya ce, "akwai sauran wuri?"

"Akwai. Kullum akwai."

Ya zauna, ya ɗora Karimatu a cinya. "Me zan ce masa, Dela?"

"Ka yi sallama kawai. Yana nan yana jira, ba ya bari a kashe."

Ya danna maɓallin. Zaren ya yi ta juyawa, shuuu, shi kuwa ya kasa. Na ga wurin na ƙarewa, na dafa kafaɗarsa. Ya matso da bakinsa kusa.

"Salamu alaikum, Baba," ya ce. "Maharazu ne, ɗan Haladu. Ya jiki?"