Tafinta da Bakin Tsohuwa

...wai ya zaɓa. Sai ka ce takalmi ake saye a bakin titi! "Kai ka san kan abin, Tafinta, ka fitar mana da ɗaya kafin a tashi." Manaja ke nan. Ya faɗa, ya ja ƙofa, ya bar shi da fanka mai ƙugi da manhajoji uku a kan allo, kowace tana rantsuwa ita za ta rubuta masa kod ɗin, wato umarnin kwamfuta, da ya yi shekaru yana rubutawa da yatsunsa. Ka bayyana mata siffar saƙo kawai, ta haifo maka sauran. Haihuwa ba naƙuda. To, mu gani.

Ta gilashin taga yana hango ta — Tsohuwa, tanderun gasa tayil, doguwa kamar jirgin ƙasa, wuta na ci a cikinta. Ba ta jin yaren kowa. Sifili da ɗaya take amayowa ta waya, ba waƙafi ba aya: ƙulli-ƙulli da ake kira bayit, na farko lambar saƙo, na biye tsawonsa, huɗun can zafi. Shi ne a tsaye tsakaninta da kwamfutocin ofis, ya kwance abin da ta ce, ya ƙulla abin da za a ce mata. Shi ya sa Tafinta. Sunansa na yanka ma sai matarsa, ita ma in ranta ya ɓaci.

Manhaja ta farko... hmm! Ga kwalliya, ga suna, duniya duk ta san ta. "Faɗa min abin da kake son aikawa, ni zan tsara yadda zai kwanta a waya." Ke? A gidan wa? Baƙo ya sauka yau, gobe ya ce shi zai raba ɗakuna! Tana da kyau in bakin naka ne, kunnen ma naka ne. Nan fa? Je ki ce wa Tsohuwa ta sake yare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ta bushe tun ana zanen inji a takarda. Waje.

Ta biyu ta fi ladabi, a ba ta haƙƙinta. Ya zuba mata saƙonni, ta fere su tas, har da zane mai launi, kowane bayit a mazauninsa. Ya kusa yi mata tafi. Sai ya ce, to mayar mata da amsa, ce mata ta rage wuta. Shiru. Kunne gare ta, ba baki! Tafintan da ke ji ba ya mayarwa ai ɗan kallo ne. Ranar da zafi ya haura, tayil na tsagewa kamar ƙwai, zanen za a nuna wa wutar? Waje.

Ta uku mummuna ce. Littafin bayaninta kamar wanda aka rubuta ana faɗa. Amma tana ji, tana faɗa, ba ta gardama a kan wane bayit zai riga wane, kuma kod ɗin da take fitarwa siriri ne, zai shiga ɗan akwatin da ke jikin tanderu ba tare da ya shaƙe shi ba. Ita ce. Tun da safe ya san ita ce. Makaho ma ya shafa ya sani.

To zaman me yake yi?

Ƙanshin dalma... shagon Baba, rediyoyi jibge har rufi, cikinsu a buɗe. Mai koyon aiki ya miƙo wuya, Baba ya juya masa baya, ya kare da kafaɗa, ƙarfen liƙa ya yi cuuu — rediyo ta ɗau magana. "Ka koya wa mutum tara, ka riƙe ta goma. Ita ce rigarka." Shi ma ɗan cikinsa baya aka juya masa. Shi ya sa ya koya wa kansa komai, daga tsofaffin kwamfutocin da ake zubarwa, ba malami, ba takardar shaida, sai taurin kai. Wa ya isa ya ce masa bai iya ba?

Ba wanda ya ce. Abin haushin ke nan. Injiniya, wadda ta kawo maganar manhajar, da ladabinta ta zo. "Yaya, kod ɗinka ba ya kuskure, amma kai kaɗai ke iya karanta shi. In ka kwanta ciwo fa?" Ya ce in ya kwanta ta turo masa tanderun asibiti, a ba su gado ɗaya. An yi dariya. Ita ba ta yi ba. Da ma ta yi rashin kunya ne, da ya san inda zai sa ta. Gaskiya da ladabi, ina mutum zai kama ta?

Yatsunsa sun riga shi. Yana rubuta bayanin saƙon, layi bayan layi: lamba, tsawo, matsin iska, gudun abin jan tayil. Ya danna. Kod ya zubo kamar an buɗe famfo. Ya ɗora shi a kan saƙonnin da ya naɗo daga bakin Tsohuwa jiya. Kore daidai, ja kuskure. Kore... kore... kore... ja.

Zafi. Manhaja ta ce cikin tanderu ya fi rana zafi.

Yawwa! Ga ta nan. Ta goma.

Babu littafin da ya faɗa. Tsohuwa, in ta zo faɗin zafi, rabin baya take fara turowa kafin na gaba, kamar mai shiga ɗaki da baya. In wuta ta yi ƙarfi kuma, sai ta ƙara wani bayit a wutsiya wanda ba ta lissafa shi a tsawon saƙo ba. Tari ne na tsufa. Shi kaɗai ya san tarin. Ya gano shi ne da gumi, a tsugune a gindinta, gira tana ƙonewa.

Ya bar jan nan haka mana. Wa zai sani? In ya so ya kira Manaja, ya nuna masa: ga shi, ranka ya daɗe, duka ukun sun faɗi, Tsohuwa sai hannu. Ba ƙarya ya yi ba... bai dai ƙarasa gaskiya ba. A koma gidan jiya. Kujerarsa ta zama dutse. Wayar aljihu ta ci gaba da neman sa —

— zauren makaranta, 'yarsa Auta a kan dandamali, ana shirin kiran sunanta ta karɓi kyauta, aljihunsa ya hau rawa. Tsohuwa ta yi tari, ofis ya rikice. Ya fita a sunkuye, yana taka ƙafafun mutane. A hoto ya ga kyautar. "Ba komai, Baba," in ji ta. Ba komai ɗin nan! Gara ta zage shi. Uwarta kuwa sunan yankan kawai ta kira, sau ɗaya, ta ɗauke kwanonsa.

Amma da ya isa ma'aikata a ranar... yadda suka dare masa hanya! "Ga Tafinta nan, ga Tafinta nan!" Kar ya yi wa kansa ƙarya, daɗin nan har ƙashi.

Jan yana kallonsa. Ya fi rana zafi, wai. A allonsa! Lambar banza a gabansa, da ransa da lafiyarsa? Kai, ina! Ko zai mutu — juya rabin nan. In zafi ya haura, haɗiye na wutsiya. Danna.

Kore. Duka, har ƙasa.

Ya jingina. Ya san zai yi, ai shi ne. Wa ya... Sai ya sake duba abin da ya rubuta.

Layi biyu.

Shekarun nan duka, girar da ta ƙone, kyautar Auta, darewar hanya... layi biyu ne. Injiniya za ta karanta su tana shan ruwa. Wanda za a ɗauka baɗi ma zai karanta, ba zai ko tambayi wa ya rubuta ba.

Baba... taka ta goman fa? Ranar da aka rufe shagon, aka sayar da rediyoyin a kilo, ba wanda ya iya tayar da ko ɗaya. Layi nawa ce? Abin da ka kare da kafaɗa har kabari — layi nawa?

Takun Manaja a baranda. Saƙon da zai tura wa ofis layi biyun a shirye, yatsa a kan madanni, bai danna ba, bai goge ba. Ɗaya hannun kuwa... yaushe ya shiga aljihu? Yana riƙe da wayar. Shiru take. Ya matse ta, yana jira ta yi rawa.