Sallama Ga Mutumin Roba

Shekara tara Tanwir Gondal ya yi yana kwasar mutanen da haɗari ya rutsa da su a titunan birnin Multan. Ya sha sa wa mutum ƙarin ruwa motar asibiti tana tsalle cikin ramuka, ya taɓa karɓar haihuwa a bakin titi. Amma yau, a makarantar koyon aikin nas, malamarsu Sista Parwin ta kayar da shi jarrabawa a kan wani mutum-mutumi na roba.

Kafin ta gama duba agogonta ya samu jijiya, ya soka allura, ya ɗaure. Sai kawai ya ga ta ja masa jan biro.

"Ba ka yi masa sallama ba," in ji ta. "Ba ka faɗa masa sunanka ba, ba ka nemi izininsa ba."

"Izinin wa, Baji? Wannan robar?" Baji, wato Yaya, shi ne sunan da ɗalibai ke kiranta da shi. "To ko in tambaye shi iyali, in kawo masa shayi da madara?"

Sauran ɗalibai, waɗanda ba su taɓa ganin jinin da ya wuce na yankan kaza ba, suka ƙunshe dariya.

"A nan majiyyaci mutum ne, ba kaya ba," ta ce.

Tanwir ya fizge safar hannunsa ya jefar a kan ƙirjin robar.

"Baji, a inda na fito, duk wanda ya iya amsa sallama tsallake shi nake yi, in ruga wurin wanda ya kasa."