Tayi Uku a Gaban Tukunyar Barkono

Shekara talatin da ɗaya Qiao Wenlan ta yi tana ɗaga wa jiragen ƙasa tuta a bayan garin Chengdu. Sai da ta yi ritaya ta rubuta labarinta na farko, a kan wani kumbo da ruwa ya ƙare wa a sararin samaniya. Halittun wata duniya suka kawo ruwa, tsohuwar da ke tuƙin kumbon ta ce a'a, sun gode. Suka sake tayi, ta sake ƙi. Sai a na uku ta karɓa, don a nan ta gane baƙin sun san mutunci.

Duan Meiyu ta fassara shi zuwa Turanci. Editan wata mujallar waje, dogon Bature mai suna Gareth, ya ce zai buga, amma sai an cire shafi huɗun nan na tayi. Wai mai ƙishirwa ba ya tsayawa ja-in-ja.

"Goggo Qiao, ki haƙura mana," in ji Meiyu. "Da yankakke da babu, ai gara yankakke."

"Ke 'yar nan, in an cire wannan me ya rage? Famfo a sama?"

Da Gareth ya zo Chengdu taron marubuta, Qiao ta gayyace shi cin abincin rana a wani gidan abinci, Meiyu na yi musu tafinta. Tukunya na tafasa a tsakiyar tebur, romon ja wur.

"Ki tambaye shi ko a kawo masa marar yaji, irin na yara," Qiao ta ce wa Meiyu.

Gareth ya yi dariya, ya ce shi fa ya ci yajin ƙasashe da yawa.

Loma biyar, kunnuwansa suka yi ja. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Qiao ta tura kwalbar madarar waken suya mai sanyi gabansa.

"A'a, na gode, lafiyata ƙalau."

Ta janye kwalbar. Ta tsoma ɗanyen tumbi a tafasasshen romon, ta ƙirga bakwai, ta zuba masa a kwano. Idonsa na kan kwalbar, raɓa na gangarowa a jikinta.

"Goggo, kashe mana edita za ki yi?" Meiyu ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ci abincinki."

Qiao ta sake tura masa kwalbar. Ya girgiza kai, yana murmushi da hawaye. Ta sake janyewa, a hankali wannan karon.

A na uku da kanta ta buɗe murfin, ta miƙa masa da hannu biyu. "Ɗana, sha don ni. In ba ka sha ba ka kunyata tsohuwa."

Ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya ga gindin kwalbar.

"Tambaye shi sau nawa ya ƙi," in ji Qiao. "Kuma da na tsaya a na farko, da yanzu yaya yake?"

Meiyu ta fassara. Gareth ya dubi kwalbar, ya dubi tsohuwar. Sai ya zaro takardun daga jaka, ya nemo shafukan da ya ja wa jan layi, ya rubuta a gefen kowanne: a bar shi.

Qiao ta ɗaga hannu kamar mai ba jirgi hanya, ta ƙwala wa mai kawo abinci kira: "Ƙaro tumbi! Da madara biyu, baƙonmu ya daina kunya."