Yatsa Biyu Sama da Jan Layi

A taƙaice, bisa rahoton kwamitin asibitin gunduma: an karɓi majinyacin bisa ƙa'ida, an kwantar da shi a ɗakin da ya dace, ba a sami kowa da laifi ba.

A shekarar ce aka gyara tsarin kwantar da yara. Da yake mutanen bakin tafki ba su cika ajiye takardar haihuwa ba, sai aka shata jan layi a jikin ƙofar ɗakin yara: duk wanda kansa ya wuce layin, babba ne. An yaba wa tsarin ƙwarai, domin ya rage gardama.

Esnati, mai sayar da busasshen kifi, ta kawo ɗanta Limbani, ɗan shekara goma sha ɗaya mai ciwon sukari. Yaron ya jingina da ƙofar a ranƙwafe, kansa ƙasa da layin. Ita kuwa ba ta taɓa yarda ɗanta ya tsaya a karkace gaban ma'aikacin gwamnati ba.

"Miƙe mana! Ba ka ga Bambo Kaphuka ba ne?"

Ya miƙe. Ya wuce layin da yatsa biyu.

"Ɗakin maza," in ji Kaphuka, akawun karɓar marasa lafiya. A harshen mutanen bakin tafki, Bambo ake ce wa namiji, Mayi kuma mace, don girmamawa.

"Haba Bambo! Wannan da bara ya daina fitsarin kwance?"

"Mayi, takin zamani kike ba shi ne? Ni ba haihuwarsa na yi ba, aunawa kawai na yi."

A ɗakin yara uwa na zama gefen gadon ɗanta. A ɗakin maza kuwa mace ba ta shiga sai ƙarfe goma sha biyu. Allurar sukari ƙarfe shida na safe ake yi, kuma Esnati ta sani tun shekara uku cewa in ba a bi ta da abinci nan take ba, yaron suma yake. Kunun asibiti sai ƙarfe goma, in an sami itace.

Kwana biyu tana dama kunun masara a rumfar masu jinya, tana miƙawa ta taga. Wani tsoho mai karyayyar ƙafa da ke gadon bakin tagar yana karɓa yana cewa, "Tashi, ango, ga amarya ta aiko." Rana ta uku aka sallami tsohon, aka mayar da Limbani gadon ƙurya.

Ta tsaya a tagar da kwano, tana kiran sunansa. Mai gadi ya ce, "Mayi, asibiti ne nan, ba kasuwar kifi ba." Ta koma bakin ƙofa ta jira, kwanon na hucewa a hannunta. Ƙarfe goma sha biyu daidai aka buɗe mata. An riga an ja labule an kewaye gadon Limbani.

Har yau Esnati ba ta ambaci kwamiti ko layi ba. Abin da take maimaitawa shi ne, "Ni na ce ya miƙe."

Abin da aka kashe: zaman kwamiti biyu, gwangwanin fenti ɗaya don sabunta layin, wanda ya fara dusashewa, kwanon kunu ɗaya da aka zubar, yaro ɗaya.