Kiɗan Halidu a Akwati

Lurwanu na dawowa daga kasuwar Madawa ya tarar da akwatin kiɗa a kife kan tabarma, murfin bayansa a buɗe, babu pil, wato batir, ko ɗaya a ciki.

Akwatin na wansa Halidu ne. Daga Ikko ya zo da shi, ɗan mitsitsin abu mai maɓallai, kana dannawa sai kiɗa ya tashi, ba ganga ba makaɗi. A ƙauyensu Urno har da masu rantsuwa aljani ne a ciki. Halidu kuwa, uban ƙiriniya, ya zauna da yatsunsa ya cusa masa kiɗan noman gidansu, har da ɗan tsallen nan da shi kaɗai ya iya. Da fari ya cinye gonaki sai ya nufi Libiya, kuma tun daga Agadas ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kashedi ɗaya ya bar wa ƙanensa: in za a sauya pil a yi maza-maza, don in akwatin ya jima babu su, abin da ke ciki ya tafi ke nan. Lurwanu ya sha haƙura da kalaci saboda pil, amma bai taɓa yi wa mahaifiyarsu wannan bayani ba.

Ya same ta a rumfa, rediyo manne da kunne. Wai maƙwabciya ce ta ce yau za a karanta gaisuwar 'yan ci-rani, pil ɗin rediyon kuma sun mutu, shi ne ta ari na akwatin tun da hantsi.

Ya zare pil ɗin daga rediyon. Ya mayar da su cikin akwatin, ya danna. 'Yar fitilar ta kama, amma shiru. Ya sake dannawa. Kiɗan Halidu ya tafi.

"Ba su ambace shi ba," in ji Inna Mairamu. "Kunna mini shi in ji, ko na samu sauƙi."

Ya dubi idanunta da suka yi zuru-zuru, ya kasa gaya mata gaskiya.

"Pil ɗin sun ƙare, Inna. Sai wata kasuwa."

Ta ce to, laifinta ne. Ta lallaɓa ta shiga ɗaki, ta fito da tasar da ta rage mata tun ta aure, ta ce ya sayar ya sayo sababbi.